Mai Rubuta Allon Banki

Oyewusi mai fenti ne a Ikko, sana'arsa rubuta allunan shaguna. A zamanin da duk mai kwat da ɗakin haya ke iya buɗe banki, ba wanda ya kai shi ciniki. Shi ya rubuta allon Bankin Ireti da ruwan zinariya. Allon ya burge shi, har ya kwashe ajiyarsa daga hannun matarsa Abeke ya kai can.

Wata safiya ya tarar da ƙofar bankin a garƙame, 'yan kasuwa sun yi cirko-cirko. Aka ce masa banki ya karye. Ya dubi ginin, ko tsaga babu.

A gida Abeke ta tare shi. "Baban Sikiru, sata aka yi?"

"Sun ce ba sata ba ce."

"Gobara fa?"

"A'a. Wai an ranta wa wasu, su ma suka ranta wa wasu."

"To, je ka wurin wasun mana."

Ya je wurin akawu, ya je wurin lauya, kowa ya zuba masa Turanci, ya dawo kansa ya ƙara ɗaurewa.

Ba a jima ba mai ginin ya kira shi ya shafe allon, ya rubuta sunan sabon banki. Yana kan tsani wata mai kifi ta ce, "Baba, wannan na kirki ne?"

Ya tsoma buroshi cikin fenti. "Iya, ni dai na san fentin mai kyau ne."

Har ya tsufa, in ya haɗu da ɗan boko sai ya tambaye shi inda kuɗi ke tafiya in banki ya karye.