Takobin da ke fille kai

"Ɗiyata, wanga da kinka sare ma kai, wa za ya yi mai sutura?"

Wata tsohuwa ce ta tambaye ni, muna matse a bas daga Bodinga zuwa Shagari. Ashe tun da muka tashi idonta na kan wayata.

Wasa nake bugawa, irin wanda ake kutsawa kurkukun ƙarƙashin ƙasa, in ka mutu ka koma farko. Na daɗe ina neman wani takobi a ciki, wanda in sa'a ta zo sara ɗaya yake fille kan abokin gaba, komai ƙarfinsa. Ranar na same shi. Ni da digirina, ina ta murna kamar an ƙara mini girma a ofis.

Na ce, "Inna, wasa ne. Gawar ɓacewa take yi."

Ta ce, "Ko wasa ne, ki bar kan kusa da jikin. Ɗana da ɓarayin daji sunka kashe a gona, gangar jiki kaɗai munka samu. Haka anka yi mai salla, anka bizne shi. Har yau in na ji an tono wani abu a gona, sai na tafi na duba."

Ba ta yi kuka ba. Na ce Allah ya jiƙansa, na tura wayar cikin jaka.

Takobin yana nan, ban sake sara da shi ba. Ku da kuke irin wasan nan, da me za ku ce mata?