Ɓargon Inna Tani

Ɗalha marini ne a Ƙofar Mata. Shekara talatin hannunsa na cikin baba, har shuɗin ya yi gida a farcensa. Shekara uku da komawar soja bariki gajiya ta fara bin sa. Sandar juya rini ta yi masa nauyi, dasashinsa na zubar da jini ko bai taɓa ba. Likita ya ce sankarar jini ce, irin wadda ba ta jira, kuma sai an yi masa dashen ɓargo a ƙasar waje. Mai ba da ɓargon kuwa a nemo shi cikin waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya.

Aka kawo ’yan’uwansa Haruna, Isyaku da Hasana, aka ɗebi jininsu aka aika gwaji. Mako shida ana jira, Ɗalha na kwance yana kallon shuɗin hannunsa yana dusashewa. Babu wanda ya dace.

"’Yan’uwan ke nan, Hajiya?" likita ya tambayi mahaifiyarsa, ’Yardada.

Ta gyara mayafi. "Waɗanda nake kira ke nan."

"Akwai wanda ba kya kira?"

Ta sassauta murya. "Akwai waccan ta Yakasai."

Tani take nufi, ’yar farinta. Ranar yaye kaka ta ɗauke ta, ta tashi kamar ƙanwar uwarta. Kunyar ɗan fari ta hana ’Yardada ambaton sunanta tun ranar suna. Ɗalha ma Inna yake ce mata. Kowa a gidan ya san wadda ta haife ta, amma da aka zo lissafi babu wanda ya tuna da ita.

Tani ta zo asibitin tana dafe da gwiwa.

"Ashe yau na shiga lissafi. Ɗalha, ɓargon tsohuwa za ka ɗauka? Kar gobe ka zo kana yi mini kukan gwiwa."

"Inna, ko da ciwon gwiwar ne a ba ni."

Nata ya dace. Aka fita da su waje aka yi dashen. Bayan wata biyar Ɗalha ya dawo a rame, farcensa fari kamar na malamin makaranta. Likita ya hana shi ramin rini. Yanzu yakan zauna a inuwar ƙofa yana kallon wasu suna juya baba, in sun yi gaggawa ya girgiza kai.

’Yardada har yau ba ta faɗi sunan ba. Sai dai in an dama fura takan ce a fara kai wa ta Yakasai.