Ranar da Ruwa Ya Sauka a Gida

Aikina nemo wa kamfanoni ma'aikata ne, kuma ba irin aikin da ake rububi a kansa ba. Idan na ofis ne mai fanka da kujera, babu mai tunawa da ni. Sai an rasa mai yi sannan wayata take ƙara. A Agege ta Ikko aka haife ni, ina jin Yarabanci kamar yadda nake jin Hausa, shi ya sa nake tsakiya, masu kamfani a wannan kunne, 'yan'uwanmu da suka sauko daga mota a wancan.

Wurin da ya fi ba ni wahala wani ɗakin sanyi ne a Ijora, inda ake ajiye kifi a kwali. Mutum takwas ake bukata su jera kaya, su fitar wa masu saye. Sanyin wurin har cikin haƙori yake shiga. 'Yan gari sukan yi kwana uku su gudu. Mutanenmu 'yan cin rani kuwa, a ba su rigar sanyi da takalmin roba, sai su jure ba ƙorafi. Aibinsu ɗaya ne. Ranar da aka bugo waya aka ce ruwa ya sauka a gida, washegari sai a wayi gari babu kowa, rigunan sanyin a rataye a ƙusa.

Ni kuwa ban taɓa riƙe fartanya ba, sai na ɗauka rashin alkawari ne ke damunsu. Na fito da dabarata: duk wanda zan ɗauka sai na zaunar da shi a bencin mai shayi, na sa shi ya yi mini alkawarin shekara cur. Sai ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu. Ni kuma in tashi ina jin kaina, kamar wanda ya ɗaure akuya a turke. Shekara biyu a jere ina wannan wauta, shekara biyu a jere suna sulalewa babu sallama, ni kuma ina yawo a Agege ina zaginsu.

Mai kula da wurin wata Bayarabiya ce, madam muke ce mata, ba ta da yawan magana. Bayan gudu na biyu ta kira ni ofis, ta ce mini da Yarabanci ba ta da matsala da ni, amma idan damina ta sake kwashe mata ɗaki, za ta nemi wani. Na san abin da hakan ke nufi. Masu kamfanonin Ijora duk sun san juna, idan ta sallame ni, har Ilupeju sai an ji labari.

Da wannan baƙin ciki na je kasuwar Mile 12 neman 'yan dako masu ƙarfi, ko zan dace. Na zauna a rumfar wani dattijo dillalin albasa, mutumin wajen Yawuri, wanda nake cefane a wurinsa lokaci-lokaci. Ban yi niyyar faɗa masa komai ba, amma bakina ba ya riƙe magana. Na zazzage masa duka, har da zagin. Yana saurare yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Da na gama sai ya tambaye ni wa ke noma mini abin da nake ci. Na ce kasuwa.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan nan, kai ne mai laifi. Mutum ya bar tsohuwa da iyali da gona, ka ce ya rantse ba zai koma ba. Me kake so ya ce maka? Aiki yake nema."

Na ce, "To Baba, ya zan yi? Kifi bai san damina ba."

Sai ya ce a wajensu akwai mutanen da gonarsu fadama ce a bakin kogi. Su da rani suke noma albasa. Damina na yi, kogi ya cika ya shanye fadamar, su zauna hannu rabbana har ruwa ya janye. Ya ce lokacin da nawa suke tafiya, lokacin nan ne nasa suke neman abin yi. Ya faɗe ta ne kamar mai gaya mini hanyar masallaci, ya ci gaba da ware albasarsa.

Kunya ta kama ni sosai, shekara nawa ina wannan sana'a ban taɓa tambayar mutum irin gonarsa ba.

Shawo kan madam bai zo da sauƙi ba, don a ganinta ƙungiya biyu, ta rani da ta damina, ciwon kai biyu ne. Na roƙe ta ta gwada ni sau ɗaya, ta amince. Da 'yan cin rani suka dawo, ban sa kowa alkawarin shekara ba. Dattijon ya yi waya gida, shi ya tsaya musu, kuma da hadari ya fara haɗuwa a Arewa mutum takwas suka sauko daga motar albasa. Suka yi mako biyu suna koyon aiki a hannun waɗanda za su tafi. Ranar farko wani daga cikinsu ya fito daga ɗakin yana rawar ɗari, ya tambaye ni ko da gaske mutane ne suka gina wannan wuri da kansu.

Na koma wurin dattijon da goro da yadin shadda. Ya karɓi goron, ya ce in kai wa mahaifiyata yadin. Har gobe ina yi masa addu'a, don shi ya tsare mini abincina, kuma na tabbata bai ɗauki abin a bakin komai ba.

Wata Talata da hantsi aka bugo waya, ruwa ya sauka. Ina Ijora a lokacin, ina tsaye bakin ƙofa ina kallo. Aiki bai tsaya ba, kwali na fita kamar kullum. Madam ta leƙo ta taga, ta duba, ta koma ta zauna.

Bayan la'asar tsofaffin ma'aikatan suka fito su takwas, kowa ya cire rigar sanyinsa ya miƙa wa wanda zai gaje shi hannu da hannu. Suka zo inda nake suka yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, wani magidanci da na taɓa sa shi rantsuwa har sau biyu, ya riƙe hannuna bai saki ba.

Ya ce, "Oga, shekara shida ina zuwa Ikko. Yau ce rana ta farko da zan tafi ban yi wa kowa ƙarya ba."

Na ce masa ya yafe mini, ya gaishe da mutanen gida.