Hajara, Ummi ta ci tuwo

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Hajara, kuma bana ne ranar ta fara samuna cikin dariya. Jama'a, Ummi ta ci tuwo! 'Yarmu da ta shekara tara ba abin da ke wuce maƙogwaronta sai tataccen kunu, jiya ta ci tuwon shinkafa da miyar kifi, har ta nemi ƙari.

Amma akwai abin da na ɓoye. Hajara sabulu take yi ta sayar. Ni ne na ɗebi ruwan sodarta a robar lemo, don in wanke baƙin man injin ban ruwa da ya ɓata mini riga a fadama. Na ajiye a gindin randa, na manta. Ummi, tana 'yar shekara uku, ta ɗauka ta kurɓa. Na ɗura mata manja, na cusa mata yatsa ta yi amai. Likita ya ce aman ya sake ƙona ta, da mun kawo ta kai tsaye da ya fi.

Unguwa ta ce sakacin uwa ne. Dangina na Kaugama ma haka suka ce. Na yi gum. Hajara ta bar sana'ar, ta koma tace kunu da kai Ummi Kano ana buɗa mata maƙogwaro. Ta san ni ne, amma sau ɗaya ta taɓa maganar: "Baban Ummi, riƙe mata kofin, ni na riƙe maka sauran."

Aikin da likitoci suka yi bana ya yi kyau. Da Hajara na nan jiya, wallahi sai an ji guɗarta har tsallaken kogi, sai ta aika wa kowane gida da malmala.

"Baba, cire mini ƙaya mana," in ji Ummi, "ka tsaya kallona kamar baƙuwa!"

Na cire, sannan na gaya mata komai. Ta daɗe tana juya lomar a hannu.

"To ni kaɗai za ka gaya wa? Ai Inna aka zaga."

Kunun Hajara ne ya raya yarinyar nan har ta kai ga tuwo. Abin da ya rage shi ne in wanke sunan Hajara. Mutanen Haɗeja, ku ji da kyau: ni na ajiye robar nan, ba ita ba. Allah Ya jiƙan Hajara.