Motar da Na Ƙi Saye a Hanyar Janbako

Shekarun baya, bayan na kwashe albasata a fadamar Bakura, na ƙudurta ba zan ƙara jiran motar wani ba. Sau biyu kayana suna zaune a bakin gona har kasuwar Talata ta watse. Na sayar da bijimai biyu da nake kiwo, na haɗa da kuɗin albasa, na shiga neman tsohuwar a-kori-kura.

Sai da damina ta yi nisa na samu guda biyu. Ɗaya a Mafara, ta sha sabon fenti, ga araha, har da ragowar da za ta ishe ni gyara. Ɗayar ta wani dattijo ce a Maradun, mummuna, ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa, amma injinta lafiya lau, kuɗinta kuma zai lashe duk abin da ke hannuna. Ni kuwa a lokacin gani nake duk Bakura babu mai wayona. Na ce ko lagireto da tayoyi na sake mata, mai fentin ce riba.

Abokina bakanike ya bar ni na gama surutuna, sannan ya ce, "Ban hana ka ba. Amma kak ka biya sai an aza mata kaya an bi hanyad da za ka riƙa bi."

Mai motar Mafara ya tsuke fuska. "Haba Malam, ina aka gwajin mota da kaya? Gari aka zagayawa bisa kwalta, a gama ciniki."

Na kafe. Na zuba mai da kuɗina, muka loda takin wani ɗan kasuwa da ke neman mai kai masa Janbako, muka kama hanya mu uku.

Ba mu jima da barin kwalta ba ta fara tururi, ta yi tari biyu, ta mutu. Babu gari gaba, babu gari baya, kuma kowa ya san abin da 'yan bindiga ke yi a wannan hanya. Abokina yana buɗe bonet sai muka jiyo ƙugin babura da yawa suna tahowa. Mai motar, wanda tun safe yake rantsuwa a kanta, ya zubar da takalmansa ya faɗa cikin dawa. Da na so in ce na tsaya na yi ta maza, amma gaskiya ni na riga shi shiga. Ina kwance rub da ciki a tsakanin kunyoyin gona, babu abin da nake tunawa sai 'ya'yana.

Ashe masu dawowa daga kasuwa ne. Su suka ba mu ruwa muka zuba mata, suna ta yi mana dariya.

A hanyar komawa mai motar ya yi ta ragi. "Wallahi lagireto na kawai, wagga mota ba ta da wata cuta."

Na ce, "Ko kyauta ta, Allah shi ba ka wani mai saye."

Washegari na je Maradun na juye wa dattijon nan duk abin da na tara. Mahaifiyata ta leƙo ta ga motar, ta ce, "Bijimai biyu ke nan?" Na ce su ke nan, Inna.

Motar ta sha cin kuɗin gyara, ba zan ɓoye ba, amma a gareji, cikin gari. Har yau ban manta kwanciyar nan cikin dawa ba. A can na gane cewa a ƙasarmu, in mota ta mutu a daji, ba bakanike ne zai yanka kuɗin ba. Wasu ne za su yanka, iyalinka su sayar da gona su kai musu.