Shekarar da Aka Ƙara Kuɗin Juji

Lokacin da nake zaune a Saint-Fons, aikina tuƙa farar kamiyonat ta kawuna, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya. Shi yana La Courneuve, can wajen Paris, yana sayen tsofaffin kaya, firigo da katifu da kujeru da injin wanki, yana cika kwantena zuwa Kotonu, daga nan manyan motoci su kai Maraɗi. Ni ne hannunsa a yankin Lyon. In an yi rasuwa a wani gida, ko mutane za su tashi, sai a kira ni in kwashe komai. Mai kyau in jera shi a depo, wurin ajiyar kayanmu, wanda ya lalace kuma ya zama ciwon kaina.

Masu jujin cikin gari ba su son motocin ƴan kasuwa, don haka ƙauye nake fita. Akwai wata deshetri, wurin da ake tara shara kafin a kwashe ta gaba, a bayan wani ƙaramin gari mai gonakin masara da shanu. Hukumomin ƙauyukan ne ke riƙe da ita da kuɗin lanho, wato haraji, abin da mu baƙi ke biya kuwa bai taka kara ya karya ba. Wata dattijuwar Bafaranshiya ce ke tsaron ƙofa, mai gajeren gashi fari fat. Ita ke nuna mini inda zan zuba katako, inda zan zuba ƙarfe. A bayan ɗakinta nake shimfiɗa kwali in yi azahar, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba har in sallame.

Wata rana, gab da shigowar sanyi, na iso ba ta ɗaga sandar ƙofa ba. Ta tako har tagar mota.

"An yi taro a ofishin magajin gari," in ji ta. "Mutanen nan sun ce lanhonsu ake kashewa a kan sharar ƴan birni. Daga yau sai an auna motarka, kuma kuɗin ya tashi sosai."

"Madam, ai kin san ni."

"Na san ka. Sikelin ne bai san kowa ba. Hau a hankali."

Da ta faɗa mini abin da zan biya, na kashe mota na kira Kawu. Muka gaisa a gaggauce, ya gida, ya sanyi, na faɗa masa.

"Ba daji a hanyar?" ya tambaya.

"Akwai, Kawu. Amma dajin da masu shi."

"To, ka san yadda za ka yi. Ni dai ribar da ke cikin kayan nan ba ta kai ta ciyar da juji ba."

Na biya daga aljihuna, na koma gida.

Ni ban zubar a daji ba, amma wasu sun zubar. Kafin sanyi ya yi nisa, gefen gonaki ya cika da tsofaffin katifu da gwangwanayen fenti. Wata safiya wani manomi ya tare mini hanya da tarakta, ya sauko fuska ja, yana nuna mini wata ruɓaɓɓiyar kujera a cikin ramin ruwansa. Ya ce farar mota aka gani. Na ce masa rabin motocin ƙasar nan farare ne. Ya ɗauki hoton lambata, ya ɗauki hoton fuskata, sannan ya kauce. Da na ba dattijuwar labari, sai ta ce ita ma bayan an tashi aiki ake tura ta kwasar abin da aka jibge a bakin ƙofa, kuma ba a ƙara mata ko sisi ba.

Na gane cewa kayan da aka rarrabe sun fi sauƙin kuɗi a kan na gauraye. Sai na koma farfasa kujeru a depo, ina cire ƙusa, ina yage soso daga katako, hannuwana duk sun tsattsage. Da na shiga gida matata ke ɗora ruwan zafi, ba ta ma tambayar yadda aka yini.

Da Kawu ya zo Lyon loda kwantena, ya tsaya yana kallon tulin da na ware na juji.

"Waɗannan fa?"

"Matattu ne, Kawu. Ba mai gyara su."

"A nan ne ba mai gyara su. Cusa su a ƙarshen kwantena, ai akwai wuri."

Na ce masa firigon nan ko injinsu babu. Ya ce mutanenmu ba abin da suke yarwa. Na gaji da magana. Na kama gefe ɗaya, ma'aikacin depo ya kama ɗayan, muka tura.

Bayan wasu watanni ƙanwata ta kira daga Maraɗi. A cikin hira ta ce kayan Kawu sun iso. Masu gyara sun zaɓi na zaɓa, sauran an jibge su a kwarin da ke bayan unguwarmu, ana ƙona wayoyin don a ciri jan ƙarfe, hayaƙin yana shigowa har ɗakin Inna.

"Yaya, wai ku a can ba ku da juji ne?" ta tambaya.

Na ce muna da shi, tsada ya yi.

Da bazara ta shigo na mayar wa Kawu makullin motarsa, na sami aikin share tankuna a wata masana'anta nan Saint-Fons. Bai yi fushi ba. Ya sa mini albarka, ya ce dama akwai wani ɗan garinmu a Clichy-sous-Bois da ke neman tuƙi.