Ina jego Baffa ya shiga daji

Shekarun baya, lokacin da na haifi ɗana na fari, na koma gidanmu a Kazaure wankan jego kamar yadda aka saba. Duk wadda ta yi jego ta san aikin: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa, sai zama. Zaman nan shi ne matsalata. Ni in ba ni da abin yi sai in fara sa ido, kuma ɗakin da aka ba ni tagarsa tsakar gida take kallo. Ko kaza ce ta shigo sai na san da ita.

Mahaifina, Baffa muke ce masa, Bafulatani ne da aka haifa a ruga, boko ta kawo shi gari. A sashen gona na ƙaramar hukuma ya yi aiki har ya yi ritaya. Mutum ne marar yawan magana, ni kuwa da nake 'yar fari ko 'yar maganar ba na samu. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba ta wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, haka ma a bakin Inna. "Yarinyar nan" ce ni, ko "waccan". Ina tsaye a gabansa zai gaya wa ƙannena su gaya min saƙo. Ranar suna da aka miƙa masa jaririn, kallo ɗaya ya yi masa ya ce Allah ya raya, ya fice. Na saba, amma ba zan ce bai taɓa yi min ciwo ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki na ga Baffa ya fara shigowa da kaya. Farko buhun kanwa ƙarami. Na ji daɗi a raina, na ce ashe dai tsohon nan yana tunawa da ni, ga kanwar kununa. Sai na ga an wuce da ita ɗakinsa. Washegari sukari da ganyen shayi. Sai goro, sai batiran tocila, sai maganin zazzaɓi kwali guda. Ya fito da wata tsohuwar jakar goyo da yake shiga ƙauyuka da ita lokacin yana aiki, ya zauna a inuwa yana ɗinke hannunta da zare da basilla. Ya sayo takalmin roba irin na makiyaya, mutumin da na sani da sau-ciki da man gogewa. A ƙarshe ya naɗe wata sabuwar igiya mai kauri ya ɗaure ta a bayan jakar.

To a lokacin nan gari ba lafiya. Labaran da ke zuwa daga yamma, ta wajen iyakar Katsina, sun sa kowa ya zama ɗan sanda. Kullum a rediyo maganar masu kai wa 'yan bindiga kaya daji ake yi, wai makusanta ne, wai dattawa ne da ba wanda zai zata. Mutum ya sayi burodi da yawa sai an bi shi da kallo. Ni kuma ga ni zaune da waya a hannu, ina shayarwa ina karanta irin waɗannan labarai daga safe har yamma. Sukari, shayi, batir, magani. Duk abin da ake lissafawa, ga shi a ɗakin ubana.

Wata safiya bayan an dawo masallaci ya goya jakarsa, ya ɗora malafa, ya rataya gorar ruwa, ya ɗauki sandar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Inna, "Sai na dawo." Wayarsa kuwa ya bar ta a kan rediyo.

Da Inna ta kawo min kunu na ce, "Inna, ina Baffa ya tafi?"

Ta ce, "Wata hidima ce."

"Hidimar me, da igiya?"

Ta ce, "Sha kununki kada ya huce."

Ta fita ba ta ko kalle ni ba. Wannan ya fi tafiyar tayar min da hankali, don Inna mace ce da in Baffa ya makara daga sallar isha'i sai ta aika a dubo shi. Yau ya shiga duniya da jaka a baya, ita kuma tana tankaɗe hankalinta kwance. Na ce lallai ta sani, kuma abin da ta sani ba na faɗa ba ne.

Ba a daɗe ba 'yan barka suka ƙaru. Matan da suka riga suka zo suka ga jariri sai ga su sun dawo sake gani. Maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ce kan gaba. Ta zauna a bakin gadona tana wasa da ƙafar yaron, ta ce, "Ikon Allah, Malam shiru kwana biyu. Maigidana ya ce Roni ya ce masa za shi. Amma mai shago ya ce Gwiwa ya ji. Shi kuwa ɗan acaɓar da ya ɗauke shi cewa ya yi bayan Roni ya sauke shi, inda hanya ta ƙare, ya ga ya nufi cikin duwatsu a ƙafa. Ko da yake su ai sun san daji, jininsu ne."

Ta faɗi "jininsu ne" tana murmushi. Na ji kamar in watsa mata sauran kunun. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne, tambayar da take yi da baki ni ma ita nake yi a zuci.

Rannan da Inna ta shiga wanka na lallaɓa na ɗauko wayar Baffa. 'Yar ƙaramar waya ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Na bi sunayen ciki ɗaya bayan ɗaya kamar wata jami'ar bincike: limami, mai taki, abokan fansho. Can ƙasa sai ga wani suna, "Waccan". Na ce yau asiri ya tonu, ga lambar sirri. Na danna kira. Sai wayata ta ɗauki ƙara a ƙarƙashin matashi, har yaron ya farka. Na mayar da wayar Baffa kan rediyo na koma na zauna. Binciken ke nan, kaina na kama.

Kwanaki suka ja. Mai unguwa ya aiko a tambaya ko Malam ya dawo. Mijina ya kira daga Babura yana ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce wai an yi wa mahaifiyarsa wata magana a gidan biki. Yara suka rage shigowa ɗiban ruwa a rijiyarmu. Na san abin da irin wannan magana ke yi wa gida: in ta manne wa mutum, ko ya wanke kansa sai an riƙa nuna jikokinsa. Na sake tsare Inna, har da hawayena.

"Inna, ana cewa Baffa yana kai wa mutanen daji kaya. Ki gaya min gaskiya, ko don yaron nan."

Ta ce, "Ubanku bai taɓa cin ko ƙwayar takin gwamnati ba. Yau ne zai fara?"

"To ki faɗa wa mutane inda ya je mana."

Ta ce, "Ba a bakina za a ji ba." Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share.

Ranar da ya dawo, bayan la'asar ne. Na fito daga wanka ke nan, jikina na tururi, na ji hayaniya a ƙofar gida. Na yafa zane na tsaya bayan ƙofar zaure ina leƙe ta tsagar katako. Ga Baffa a tsakiyar mutane, ya rame ya yi baƙi, leɓɓansa sun bushe, jakar bayansa ta lotsa ba komai ciki. A hannunsa igiyar nan ce, a ƙarshen igiyar kuma wata farar karsana, mai kyau, tana fizge-fizge saboda taro. 'Yan sintiri ne suka tare shi a shigowa gari. Don girmansa ba su wuce da shi ofis ba, suka rako shi gida aka kira mai unguwa.

Na kalli igiyar, na kalli karsanar. Ya tafi da kaya, ya dawo da saniya. Ko ni aka ba alƙalanci a wannan lokacin ban san me zan ce ba.

Aka shimfiɗa wa mai unguwa tabarma. Shugaban 'yan sintirin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun tambayi Baba takardar saye, ya ce ba saye ya yi ba. Mun ce kyauta aka ba shi, ya ce a'a. Mun ce tasa ce, ya ce ba tasa ba ce."

Mai unguwa ya ce, "Malam, daga ina?"

Baffa ya ce, "Daga wajen ƙanena, ranka ya daɗe. Shi ke riƙe da garken gidanmu. An ce min suna bayan Roni, na je na tarar sun tashi. Na bi burtalin shanu har ƙasar Gwiwa, ina kwana inda rana ta faɗi min, sannan na same su. Kayan da na ɗauka tsaraba ce. Ba a shiga ruga hannu sake."

"To madalla. Saniyar ta wace ce?"

Baffa ya sunkuyar da kai yana murza igiya.

Wani daga baya ya ce, "Kun gani ko." Aka fara guna-guni. Mai unguwa ya ɗaga hannu, ya sassauta murya ya ce, "Malam, tare muka tsufa a unguwar nan. Amma ka san zamanin da muke ciki. In ba ka faɗi mai ita ba, ba ni da ikon riƙe maganar nan. Dole in miƙa ta gaba, kai da saniyar."

Na ji motsi a bayana. Inna ce, ta rufe baki da gefen mayafi.

Baffa ya kalli karsanar. Ya ce, "Ta yarinyar nan ce."

Shugaban 'yan sintirin ya ce, "Wace yarinya, Baba? Yara da yawa a gari."

Sai Baffa ya faɗi sunana.

Cikakkensa ya faɗa, ba yadda kowa ke gutsure shi ba, a hankali, da irin lafazin mutanen ruga. Muryarsa ta ɗan karye a tsakiya. Sannan ya ci gaba da sauri, kamar mai son ya rufe abin da ya buɗe. Ya ce ranar da aka haife ni mahaifinsa ya ba ni maraƙa, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a gidansu. Tana cikin garke tun lokacin, ta hayayyafa, wannan jikarta ce. Yanzu da na haihu, haƙƙi ne a ciro ɗaya daga cikin nawa a ba ɗana, shi ma ya fara nasa. Ya ce ba aiken da ake ba wani ba ne, uba ne ke zuwa da ƙafarsa.

Mai unguwa ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko?"

Wani tsohon dillalin shanu da ke cikin taron ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar fari ce fa. Ka taɓa jin Bafulatani ya tsaya a masallaci ya ce zan je in yi wa 'yar farina hidima?" Ya matso ya kama kunnen karsanar ya duba tsagar da ke jiki, ya ce shaidar gidan su Malam ce, ya san ta tun zamanin mahaifin Malam ɗin. Taro ya fara watsewa, kowa na cewa dama shi bai yarda da maganar ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana ce wa Inna ai ita tun farko ta ce Malam ba zai aikata ba.

Ni dai ina nan bayan ƙofa ban motsa ba. Ban taɓa sanin ina da saniya ba. Wa zai gaya min? Mutum biyun da suka sani, su ne biyun da ba sa iya kallona su yi min magana. Inna tun ranar da ta ga igiya ta gane, ta zaɓi a zagi mijinta a unguwa da ta buɗe baki ta ce don 'yarta ya tafi.

Baffa ya shigo ya kafa turke a gindin darbejiya ya ɗaure karsanar. Da ya cire takalmin robar na ga ƙafafunsa sun kumbura, duk sun fashe. Inna ta ɗebo ruwan zafi daga tukunyar wankana ta kai masa. Na je na durƙusa daga nesa na ce, "Baffa, sannu da hanya. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Bai kalle ni ba. Ya juya wajen Inna ya ce, "Ki ce wa waccan ta koma ɗaki, iska na kaɗawa."

Yanzu yaron yana makaranta, karsanar ta zama uwa, an mayar da ita garke. In na tuna lokacin nan nakan yi wa kaina dariya, ni da binciken waya. Amma nakan kuma ji tsoro, don na ga yadda zargi ke shiga gida cikin sauƙi, har ya zauna a zuciyar 'yar mutum. Na ɗauka shirun iyayena rashin damuwa ne, ashe wani shirun ɗauke yake da kaya.

Baffa yana nan da ransa, ya tsufa sosai, kuma har yau ni ce waccan. Bai sake faɗin sunana ba, ni ma ban sa rai ba. Sau ɗaya na ji shi, ta tsagar ƙofa, sai da aka ce za a miƙa shi hukuma. Mutane da yawa suna kiran sunan nan kullum, ɗalibaina a makarantar da nake koyarwa, mijina, ƙawayena. Amma in na rufe ido ina son in ji yadda sunana yake, muryar da ta karye a tsakiya nake ji.